Filaya Mai Siririn Baki

Wayata ce ta ƙi ɗaukar caji, na kai ta wurin masu gyaran nan da ke zama ƙarƙashin lema a bakin titin Trikania. Ina zaune a benci ina jira, sai idona ya faɗa kan wani faranti a gefen teburin, shaƙe da kayan aiki: hantsaki iri-iri, da almakashi, da filaya manya da ƙanana, wasu har sun yi tsatsa don rashin mai kula da su. Akwai ma wata 'yar roba mai tsaga-tsaga kamar matajin kai. Da na tambaya aka ce min da ita ake lanƙwasa ƙafafun ƙananan kayan lantarki, ka ɗora, ka danna, shi ke nan. Mai gyaran ya miƙa hannu bai ko duba ba, ya zaro wata filaya mai siririn baki, ya ɓalle murfin kwalbar lemo da ita, ya wurga ta ƙarƙashin tebur. Ban san lokacin da na ce "Kai!" ba. Ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ɗana, yi aikinka." Ta ina zan fara masa? Abin da ya yar a ƙasa, damina guda na yi ina nemansa a garin nan, ina rige-rige da wata cuta a kan hannuwan mijina.

Waɗanda suka taso yanzu ba su san cewa wannan ɓangare na Kaduna, daga kogi ka yo kudu, jiniya ce ke tashinsa ba. Masaƙu na aiki a lokacin. Da asuba jiniyar kamfani za ta kwarma ihu, kafin ta yi shiru ka ji ƙararrawar kekuna ta cika hanya, maza cikin kakin aiki suna ta tuƙi suna yi wa juna tsiya da harsuna goma. Rugugin injunan saƙa kuwa ba a kunne kaɗai ake jin sa ba, har a tafin ƙafa, in kana tsaye a layin famfo da bokiti. Mu mata mun san aikinmu: ɗibar ruwa, dakan dawa, wankin kakin da auduga ta manne masa, da dama kunun da nake kaiwa bakin get ina sayar wa ma'aikata. Ranar Lahadi a buga tsohon garen mota da aka rataye a bishiyar mangwaron coci, shi ne ƙararrawarmu. Yau in ka bi ta wurin kamfanonin nan ciyawa ce ta fi ka tsawo, ƙadangaru ke gadi. Shirun wurin har yanzu tsoro yake ba ni.

Maigidana, Baban Ladi, daga Filato muka zo tare da shi. Aikinsa a kamfani tsaron injin saƙa ne, in zare ya tsinke ya ɗaura kafin yadi ya ɓaci. Yatsunsa suka sa aka ɗauke shi, su kuma suke ciyar da mu. Siraran yatsu ne masu sauri, in yana ɗaurin zare sai ka rantse bai taɓa komai ba. Amma zuciyarsa ba a zare take ba, tana cikin matattun rediyoyi. Ba gyara yake yi wa mutane ba, da ma hakan ne da na ce sana'a ce. Tsinto su yake yi, waɗanda masu su suka haƙura, ya farke cikinsu, ya kwashe 'yan kayan da ke da sauran rai, wai zai haɗa tasa rediyon da hannunsa, wadda za ta kamo masa muryoyin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Ni na raɗa masa Injiniya don tsokana, sunan kuwa ya bi shi har coci.

'Yan kayan nan ƙanana ne, wani kamar ƙwayar wake, wani kamar tsutsa mai zanen launi a baya. Kowanne yana da ƙafafu na siririyar waya, kuma sai an lanƙwasa ƙafafun daidai kafin su shiga ramukan allon da ake jera su. Da yake tsofaffi ne, ƙafafun gajeru ne, duk sun sha dalmar da aka liƙa su da ita tun farko. Filaya ɗaya gare shi, ƙatuwa, ta gyaran keke. In ya kama ƙafar da ita sai jikin abin ya tsage. Don haka ya koma ga haƙoransa, kamar yadda duk abokan wasan nasa suke yi. Zai kankare tsohuwar dalmar da haƙori, ya miƙe ƙafar, ya cije ta a gindi, ya danna da ɗan yatsa, ka ji ƙas. Wurin liƙi kuma, hannun dama na riƙe da ƙarfen da ya gasa a kurfoti, na hagu na riƙe da allo, to wa zai riƙe sandar dalma? Sai baki. Haka zai zauna tun daga tashi aiki har magariba, dalma a leɓe kamar mai shan taba. In ta ƙare ya fasa tsohon batirin mota, ya narka ta ciki a gwangwanin madara, ya haɗa da wadda ya kankaro, a cikin ɗakin da muke kwana. Da baƙaƙen yatsun nan zai ɗebi gyaɗa ya watsa a baki. In na yi magana ya ce, "Maman Ladi, haƙori yana ji, ƙarfe ba ya ji. Haƙori ya san inda waya za ta karye."

A gidan hayarmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ya yi aikin kuza a Filato yana saurayi, daga baya ya zo Kaduna yana narka dalma yana yi wa masunta nauyin taru. Ba mai yawan magana ba ne, wuni yake a gindin bango yana kallon masu wucewa. Wata rana da yamma maigidana yana aikinsa a tsakar gida, ya yi dariya, sai Baba ya ce, "Ɗana, matso. Ɗaga leɓenka in gani." Ya ɗaga, yana zaton wasa ne. Ni ma na leƙa. A dasashinsa, daidai inda nama ya haɗu da haƙori, akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi kamar an ja da biro. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo gare ni, ba gare shi ba, ya ce, "'Yata, dalma ba ta sara, ba ta harbi. Shiga take yi ta zauna, kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa. Ta fara da ciki, ta hau kai, daga ƙarshe ta sauko hannu. Na ga waɗanda muka yi aiki tare. Ki fitar masa da ita daga baki."

Maigidana ya ce, "Haba Baba, ni da nake tofarwa?"

Baba ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Ya koma gindin bangonsa.

Ranar na ji tsoro ya shige ni har ƙashi. Na yi roƙo, na yi kuka, na yi barazanar tafiya gida da Ladi. Sandar dalma dai ya yarda ya daina sa ta a baki, ya kafa ƙusa a katako yana maƙala ta. Amma lanƙwasar ƙafa ya ce ba shi da yadda zai yi. Akwai filaya ta musamman, in ji shi, mai siririn baki kamar na tsuntsu, ya taɓa hango ta a hannun wani Bature da ya zo gyaran injin kamfani, amma bai taɓa ganin ta a kasuwa ba. Ya ce, "Ranar da kika samo min abin da ya fi haƙorina, ranar zan daina." Da dariya ya faɗa. Ni ban ɗauke shi da dariya ba.

Na ɗaure ɗaya daga cikin matattun kayan nan a bakin zanina, na fara yawo. Yanzu in kana neman abu sai ka danna waya, hotonsa ya fito, ɗan acaba ya kawo maka har ƙofa. A lokacin sai ƙafa da baki, ga shi ko sunan abin ban sani ba. Na fara da wani wanzami a kasuwar Kakuri, ya ba ni hantsakin cire ƙaya. Na kawo ina murna. Injiniya ya kama waya da shi, wayar ba ta lanƙwashe ba, hantsakin ne ya lanƙwashe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, daga nan dariyar ta tsaya, riƙe cikin bai tsaya ba. Ya durƙusa a ƙasa yana murƙususu, gumi na zuba, kamar ana murɗa masa hanji da hannu. Wannan ne karo na farko. Mai kemis ya ce gyambon ciki ne. Wata maƙwabciya ta ce tsutsa ce. Ƙanwar babarsa ta aiko daga gida cewa hannun mutane ne, an ga yana neman zama helma, mai kula da ma'aikata, a kamfani. Matan zumunta suka zo suka yi addu'a. Ni dai idona na kan dasashinsa, layin kuwa sai ƙara duhu yake yi.

Da ya ji sauƙi ya koma ruwa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni kuwa wawan nan nawa ne, ina son sa. Ya fara ɓoye min. Ina daka a waje, tsakanin saukar taɓarya da ɗagawarta, sai in ji ƙas daga cikin ɗaki. Ƙaramar ƙara ce, ko kaza ba za ta waiwaya ba, amma ni ji nake kamar a ƙirjina aka karya wani abu. Sai abinci ya fara yi masa ɗanɗanon ƙarfe. Miyar da ya saba lashe kwanonta ya ture, ya ce, "A sabuwar tukunya kika dafa?" Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya fara yi wa Ladi tsawa don ta yi waƙa kusa da shi. Yakan tashi zai ɗauko abu, ya tsaya tsakar ɗaki ya manta ko mene ne. Na tuna jerin da Baba ya yi: ciki, kai. Saura ɗaya.

Aka ce min akwai maƙeri a Unguwar Sanusi da ba abin da ke gagarar guduma tasa. Na goya Ladi na shiga bas na haye gada. A wancan zamani hayewa kawai ake yi, ba wanda ke tsayawa lissafin a wace unguwa rana za ta faɗi masa. Malamin ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo min ruwa, ya juya ɗan abin a tafinsa ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ko ƙwaro ya fi shi girma. Amma bari mu gwada." Ya ƙera min ɗan ƙaramin awartaki, irin wanda suke kama jan ƙarfe da shi, ya goge bakin iya gogewa. Kyakkyawa ne, har yau ban ga laifin mutumin ba. Sai dai bakin bai haɗu daidai ba, ya fi ƙarfin aikin. Injiniya ya gwada a gabana, abu uku ya fasa a jere. A na ukun ne na lura ba awartakin kaɗai ke da laifi ba. Hannunsa na rawa.

Daga nan na koma babbar kasuwa, layin masu kayan lantarki, ina bi shago-shago ina kwance bakin zani. Wasu su yi dariya, wasu su miƙo min filayar makanikai. Wani ɗan kasuwa ya gane abin da nake nufi, ya kwatanta bakin da yatsu biyu, murna ta kama ni, sai ya ce, "E no dey, Madam. Sai an kawo daga Legas. Ki dawo wani wata." Na dawo wani wata, ya ce jirgi bai iso ba. Ruwan sama ya yi ta dukana a hanya, zanina bai bushe ba duk daminar nan. A gida kuwa kofin shayi ya fara suɓuce masa. Maɓallin rigarsa ni nake sa masa da safe, muna yi kamar wasan miji da mata ne, ba mai kallon idon wani. Abokin aikinsa ya ja ni gefe a bakin get ya ce, "Madam, ki yi masa magana. Zare na tsinkewa yana tsaye yana lalube. Helma ya fara kallon sa."

Sistar asibitin kamfani ta duba bakinsa, ta tambaye shi abin da yake tauna, ta faɗa masa abin da Baba ya faɗa dai, ya rabu da dalma kwata-kwata ko ta raba shi da abin da ya fi so. Ya dawo gida. Ya yi 'yan kwanaki bai taɓa kayan ba, yana zaune yana kallon allon da ya kusa cika, saura 'yan ramuka. Ranar da ya haɗa batir don gwaji, sifikar ta yi shuuu, can ƙasa-ƙasa wata murya ta ɗan taso ta nutse kamar mai magana a cikin rijiya. Na ga fuskarsa, na san an gama da ni. Ya ce, "Kin ji? Saura kaɗan, Maman Ladi. In na ƙarasa wannan, shi ke nan." Na ce, "Ita ma dalmar haka take cewa." Washegari ina shanya na ji ƙas.

Wata tsohuwa a zumuntar mata ce ta ji ina ba da labari bayan sujada a coci, ta ce mijinta ya yi aikin wayar tarho har ya yi ritaya, yana da akwatin kayan aiki da ba ya bari ko jikokinsa su taɓa, suna zaune a Unguwar Boro. Unguwar Boro ta lokacin ba wannan da gidaje suka cinye ba ce, gonakin dawa ne da 'yan bukkoki, mota ba ta kai ka ciki. Da safe, bayan maigida ya hau kekensa jiniya ta haɗiye shi, na bar Ladi wurin maƙwabta na kama hanya. Na tarar da tsohon yana gyaran shingen awaki. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance bakin zani, na faɗa masa komai ban rage ba, har layin dasashi da maɓallin riga. Ya shiga ɗaki ya fito da abu naɗe a tsumma mai maiƙo. Da ya warware, sai ga ta, siririya, baƙa, bakinta dogo kamar na zalɓe, ya haɗu tsaf ko haske ba ya ratsawa. Ya karɓi ɗan abin hannuna, ya kama ƙafar, ya juya wuyan hannu kaɗan. Ta lanƙwashe lumui, ba ƙara ko kaɗan. Na fara kame-kamen yadda zan saka masa, ya ɗaga min hannu ya ce, "'Yata, tashi ki tafi. Kada ki tsaya gaisuwa a hanya."

Ban tsaya ba. Na ratsa dawa da gudu-gudu, ganye na yankar fuskata, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska na kaɗa gonar kamar ana bin bayana. Ina tafe ina shirya tsiyar da zan yi masa, yadda zan ajiye ta a gabansa in ce to Injiniya, ga kishiyar haƙori. Rana ba ta kai tsaka ba na shigo layinmu. Tun daga nesa na hango kekensa jingine a ƙofar gida. Jiniyar tashi ba ta yi ba, rugugin injuna na nan yana tafiya a ƙarƙashin ƙafata, ga kekensa a gida. Baba na zaune a gindin bango. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

Na tarar da shi zaune a bakin gado cikin kakin aiki, auduga a gashinsa. Abokin aikinsa ne ya turo masa keken, shi a ƙafa ya dawo. Ya ce, "Helma ya ce in je in huta." Hannuwansa na kan gwiwoyinsa, sun saki daga wuya, suna reto ƙasa kamar ganyen da aka zuba wa ruwan zafi. Na yi kamar ban gani ba. Na warware tsumman, na kama hannun damansa, na buɗe tafin, na ɗora masa ita, na naɗe yatsunsa a kai da nawa. Na saki. Ya ciji leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsatso masa a goshi. Hannun ya lanƙwashe ƙasa, filayar ta zame ta faɗi a kan tabarma. Na ɗauka na sake sa masa. Ta sake faɗuwa. Zan ɗauka karo na uku ya ce, "Bari, Maman Ladi."

Yatsun nan ba su sake ɗaura zare ba har Allah ya karɓi abinsa. Amma a ranar ba mu san haka ba tukuna, ko kuwa mun sani muka ƙi faɗa. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Ya daɗe yana kallon ta a ƙasa, sannan ya ce, a hankali, da muryarsa ta da, "Ɗaga min ita in gani."

Na ɗaga ta daidai fuskarsa.

"Buɗe."

Na buɗe.

"Rufe."

Na rufe. Ya matso da ido, ya karkata kai, yana duba inda bakin ya haɗu, ni kuwa hawaye sun hana ni ganin komai. Ya ce, "Ita ce kuwa. Ko gashi za ta kama." Ya ƙara matsowa. "Sake buɗewa."